Wa Ke Goge Rubutu a Soshiyal Midiya, Wa Kuma Ke Biyan Sojojin Baka?

Saƙonnin da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke: shafukan bogi da ake cewa gwamnatoci ke ɗaukar nauyinsu, da gogewar da kamfanoni ke yi wa rubuce-rubucen jama'a, da inda 'yancin faɗar albarkacin baki ya tsaya a tsakani. Mun zaɓi shida, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Nakan ji a rediyo an ce Facebook ya rufe ɗaruruwan shafuka da wata gwamnati ke juyawa a ɓoye. Ta yaya kamfani zai gane gwamnati ce a bayan shafi, alhali ba a goshi ake rubutawa ba?
Wani malamin makaranta, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Ba maganar da shafin ke yi ake bi ba, take-takensa ake bi. Mutum na iya yabon Rasha ko Faransa daga safe har dare, in dai shi ne da kansa, ra'ayinsa ne. Laifin da Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ke rufe irin waɗannan shafuka a kansa shi ne haɗa baki a buɗe akawun na bogi da yawa, a riƙa nuna wa jama'a kamar mutane ne daban-daban da ba su san juna ba, alhali daga ɗaki ɗaya ake juya su.

Kai da ke waje rubutu kawai kake gani, kamfanin kuwa yana ganin bayan labule: adireshin intanet ɗin da aka shiga da shi, irin wayar ko kwamfutar, lambar waya da imel ɗin rajista, da katin da aka biya kuɗin talla da shi. To idan akawun arba'in ne, wannan ya ce shi ɗan Bamako ne, waccan ta ce 'yar Bangui ce, amma duk a kwamfuta uku ake buɗe su, lambobin rajistarsu a jere kamar an saye su rana ɗaya a shago ɗaya, kuma duk suna fara rubutu ƙarfe tara su tashi ƙarfe shida agogon wani birni da ba nasu ba, ai biri ya yi kama da mutum. Sukan ɓoye inda suke da VPN, sai dai in aka yi watanni ana aiki, wata rana wani zai manta bai kunna ba, kuma shiga ɗaya tak ta isa ta tona asiri.

Gungun da ya fi yin suna shi ne Internet Research Agency na birnin St Petersburg a Rasha, wanda marigayi Yevgeny Prigozhin, shugaban sojojin haya na Wagner a lokacin, ya amsa da bakinsa a 2023 cewa shi ya kafa shi. A Satumba 2017 Facebook ya ce ya gano akawun da shafuka kusan 470 nasa, sun kashe kimanin dala 100,000 a talla wajen 3,000, wasu ma da kuɗin Rasha aka biya. Amma in kana son ka fahimci sana'ar, dubi abin da ya faru a birnin Houston na Amurka ranar 21 ga Mayu 2016. Wani shafi mai iƙirarin kishin jihar Texas ya kira zanga-zangar ƙin Musulunci a gaban wata cibiyar Musulunci. Wani shafin, mai iƙirarin na Musulmin Amurka ne, ya kira a fito a kare cibiyar, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Jama'a suka fito suna yi wa juna ihu ta tsallaken titi. Duka shafukan biyu daga Rasha ake juya su, kuma kimanin dala 200 aka kashe. Ba ruwansu da wanda ke da gaskiya, faɗan suke so.

Da aka fara kama su ta adireshi da kwaɓaɓɓen Turanci, sai suka koma ɗaukar 'yan wasu ƙasashe haya. A Maris 2020 aka bankaɗo wata ƙungiya mai suna EBLA a gefen Accra, da wani reshe a Najeriya, inda matasa ke rubutu kan wariyar launin fata da zaluncin 'yan sanda don baƙar fatar Amurka su karanta. Facebook ya rufe akawun 49 da shafuka 69 da akawun 85 na Instagram, Twitter ya rufe 71. Da yawa daga abin da suke wallafawa ba ƙarya ba ne. Ƙaryar tana wurin wanda ke magana da wanda ke biyansa.

Ka kuma riƙa lura da yadda kamfanonin ke furta zargin. Sau da yawa cewa suke "mutanen da ke da alaƙa da sojojin ƙasa kaza", ba sa cewa gwamnatin ce ta ba da umarni, domin abin da na'urarsu ta gani suke iya rantsewa a kai. Kuma ba sa fitar da dukkan hujjojin, kada masu aikin su gane ta inda aka kama su.

Ni dai na lura kullum Rasha ake kira. Shin Turawan Yamma waliyyai ne, ko don kamfanonin nasu ne ake rufa musu asiri?
Wani mai karatu, Maraɗi

Ba waliyyai ba ne, ɗan'uwa, kuma an sha kama su. A Disamba 2020 Facebook ya rufe gungu uku a lokaci guda, biyu na Rasha, ɗaya na mutanen da ke da alaƙa da sojojin Faransa. Na Faransan ya fi mayar da hankali kan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Mali, amma Nijar da Chadi da Burkina Faso na cikin ƙasashen da ya taɓa. Abin dariya, ɓangarorin biyu, kowa sanye da rigar ɗan Afirka, sun riƙa shiga ƙarƙashin rubutun juna suna kiran juna shafin bogi, kuma a wannan gaɓar dai kowannensu gaskiya ya faɗa.

A Yuli da Agusta 2022 Twitter da Meta suka rufe wani gungu mai tallata manufofin Amurka a Asiya ta Tsakiya da Gabas ta Tsakiya, a Nuwamba kuma Meta ya danganta shi da mutanen da ke da alaƙa da sojojin Amurka. A Agusta 2023 ya rufe akawun kimanin 7,700 na wani gungu daga China. Akwai kuma 'yan kwangila, masu yi wa duk wanda ya biya: a Mayu 2019 an kori kamfanin Archimedes Group na Isra'ila bayan an rufe akawun da shafuka 265 da suka kashe sama da dala 800,000 a talla, suna shiga siyasar ƙasashen da suka haɗa da Najeriya da Nijar da Senegal da Togo.

Duk da haka zarginka bai rasa tushe ba. Kamfanonin a Amurka suke, dokarta suke bi, kuma wani lokacin hukumominta ne ke tsegunta musu inda za su duba. Wanda ake haska wa fitila shi aka fi gani.

Sai dai kada a kambama ƙarfin waɗannan gungu. Masu binciken da suka nazarci na Amurkan sun tarar ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na akawun ɗin ne suka haura mabiya 1,000. Akasari junansu suke yi wa tafi. Ba sa samun shiga sai wani ɗan gari mai mabiya na gaske ya ɗauki maganarsu ya yaɗa, shi ya sa a ganinmu sojojin baka na cikin gida sun fi su ɓarna. Binciken da BBC ta fitar a Janairu 2023 ya nuna jam'iyyu a Najeriya na biyan masu tarin mabiya a asirce, wasu har naira miliyan 20, don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. Waɗannan da sunansu da fuskarsu suke yi, don haka tarkon shafukan bogi ba ya kama su.

Na yi wa wata ƙawata Babarbariya tsiya irin wadda muka saba, sai wani dandali ya goge rubutun ya ce kalaman ƙiyayya ne. Amma ga masu zagin ƙabilu a fili ba a taɓa su. Wane ne ke wannan hukunci?
Wata Bafulatana 'yar kasuwa, Yola

Hajiya, mai yiwuwa babu ɗan'adam ɗin da ya karanta rubutunki kafin a goge shi. Tacewar hawa uku ce. Hawa na farko na hotuna da bidiyo ne: duk wanda aka taɓa haramtawa ana ɗaukar masa wata lamba mai kama da zanen yatsa, in an sake ɗora shi na'ura ta gane shi nan take. Da haka ne Facebook ya cire kwafi miliyan 1.5 na bidiyon harin masallatan Christchurch cikin awa 24 a Maris 2019, miliyan 1.2 tun ba su hau ba. Hawa na biyu na'urar da aka koya wa karatu ce, tana ba kowane rubutu maki. In makin ya yi sama ta goge da kanta, in yana tsakiya ta rage masu ganinsa ko ta tura layi. Hawa na uku su ne mutanen da ke kan layin, yawanci ma'aikatan 'yan kwangila, kowa da ɗaruruwan abubuwa a gabansa kullum. Mujallar TIME ta ruwaito a 2022 cewa a cibiyar Nairobi ta kamfanin Sama, mai yi wa Facebook wannan aiki a lokacin, wasu dala ɗaya da rabi suke samu a awa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hausa a hawa na biyu take shan wahala. Na'urar da misalai take koyo, misalan Hausa kuwa kaɗan ne. Ba ta san wasan Fulani da Barebari ba, balle na Kanawa da Zagezagi. Kalmar "kashe" kaɗai ta isa ta rikita ta: a kashe kuɗi, a kashe wuta, a kashe aure, wani ya kashe ka da dariya. Yawancinmu ba ma sa lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ a waya, sai "ƙasa" da "kasa" su zama abu ɗaya a wurinta. Ga gauraya Hausa da Turanci ko Faransanci a jimla guda, ga Ajami, ga saƙon murya. Mai mugun nufi kuwa ya san kalmomin da ake kamawa, sai ya koma habaici da zambo, ya kira ƙabila da sunan da 'yan gari kaɗai suka san nufinsa. Ke da kika yi wasa a fili kin faɗa tarko, shi ya wuce.

Ba mu kaɗai ba ne. A Mayu 2021 Instagram ya goge rubuce-rubuce masu ambaton Masallacin Ƙudus saboda an rikita sunan Al-Aqsa da na wata ƙungiya da ke jerin haramtattu. A Oktoba 2020 an liƙa wa wasu hotunan zanga-zangar EndSARS tambarin labarin ƙarya bisa kuskure, kamfanin ya ba da haƙuri. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna kashi 87 cikin ɗari na abin da Facebook ya ware wa tantance labaran ƙarya Amurka ya tafi, sauran duniya ta raba 13.

Abin yi: ki ɗauki hoton sanarwar kafin ta ɓace, ki duba wace doka aka ce kin karya, sannan ki danna wurin neman a sake dubawa. In akwai gurbin bayani, ki rubuta jimla biyu ko uku: ma'anar kalmar, da cewa wasan dangi ne tsakanin ƙabilun biyu. Kada ki sake ɗora rubutun kafin a amsa, domin zai zama laifi na biyu. A shafukan Meta laifin farko gargaɗi ne, in sun taru takunkumin yakan kai kwana 30, kuma kowanne sai ya shekara yake faɗuwa. In an ƙi ƙorafinki, akwai kwamitin sa ido mai zaman kansa da ya fara aiki a 2020. Kina da kwana 15 ki kai masa ƙara da lambar da aka ba ki, sai dai ƙararraki kaɗan ƙwarai yake ɗauka.

Da gaske ne in mutum ɗari suka kai ƙarar shafi za a rufe shi?
Wata ɗaliba, Kumasi

A ƙa'idar da Meta ke faɗa, yawan masu ƙara ba ya sa a goge abin da bai karya doka ba. Amma yawan ƙara na jawo ido kan shafi, kuma duk dubawa dama ce ta kuskure, musamman in mai dubawar ba ya jin harshen. Shi ya sa ake yin taron dangin. A Disamba 2021 Meta ya ce ya rufe wani gungu a Vietnam da ke haɗa baki yana kai ƙarar ƙarya kan masu sukar gwamnati.

Sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya ya ba ni 'yancin magana. Kamfanin da ya goge rubutun mutum bai take wannan 'yanci ba? In ya take, me ya sa aka ga laifin gwamnati da ta rufe Twitter?
Wani ɗalibin shari'a, Sakkwato

Malam, abu biyu ka haɗa. Sashe na 39, da sashe na 19 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da siyasa, da sashe na 9 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan'adam, da farko hannun hukuma suke ɗaurewa. Tsakaninka da kamfani kuwa sharuɗɗan da ka danna ka amince da su ne, waɗanda kusan ba mai karantawa. A Amurka ma sashe na 230 na wata dokar 1996 ya kare kamfanonin daga ɗaukar alhakin abin da jama'a suka rubuta, ya kuma ba su damar gogewa. Wannan a takarda ke nan. A zahiri, in kasuwar gari ɗaya ce kuma mutum ɗaya ke da ita, korar da ya yi maka ta fi ƙarfin a ce harkar gidansa ce. Tarayyar Turai ta gane haka, dokarta ta tilasta wa kamfanoni su faɗi dalilin gogewa su buɗe ƙofar ƙorafi, tarar kuma na iya kai wa kashi 6 cikin ɗari na cinikinsu na duniya.

Ita hukuma an yarda ta taƙaita magana, sashe na 45 na tsarin mulkin Najeriya ya ambaci tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu, amma sai ta cika sharaɗi uku: akwai rubutacciyar doka bayyananniya, manufar halattacciya ce, kuma matakin bai wuce girman matsalar ba. Auna batun Twitter da wannan. Ranar 2 ga Yuni 2021 kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya yi nuni da yaƙin basasa. Ranar 4 ga wata gwamnati ta sanar da dakatar da Twitter, tana cewa ana amfani da shi wajen yi wa ɗorewar ƙasa zagon ƙasa. Aka yi kwana 222 a rufe, har 13 ga Janairu 2022. A Yuli 2022 Kotun ECOWAS ta ce rufewar haramtacciya ce. Kamfani ya goge saƙo ɗaya na mutum ɗaya, hukuma ta toshe bakin miliyoyi, har da masu sayar da atamfa da turare da ba su san hawa ba balle sauka.

Yuganda ta fi nuna yadda batutuwan ke sarƙewa. A Janairu 2021 Facebook ya rufe shafukan bogi da ya danganta da wani ofishi a ma'aikatar sadarwar ƙasar. Gwamnati ta rama da toshe kafafen sada zumunta, sannan ta katse intanet baki ɗaya ana gobe zaɓe. Wanda aka kama da shafukan bogi shi ne ke riƙe da makunni.

Don haka duk dokar da aka kawo da sunan yaƙi da labaran ƙarya, tambayar da za ka fara yi ita ce wa zai yanke cewa ƙarya ce, alƙali ko wanda ake suka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya sa ɗaurin da ya kai shekara uku ko tarar naira miliyan 7 kan saƙon da aka san ƙarya ne aka tura don a ɓata wa wani rai ko a ci masa mutunci, kuma 'yan jarida da dama sun kwana a hannun 'yan sanda ta dalilinsa. An gyara shi a 2024, aka taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da ake nufin ta tada hargitsi ko ta jefa rai cikin haɗari. Gyaran ci gaba ne, amma kalmar hargitsi ma riga ce mai faɗi.

Ni ke kula da zauren WhatsApp na unguwarmu, mun kusa mutum 300. Ta yaya zan gane shafin bogi da saƙon da aka shirya don tunzura mu?
Wani dattijo, Kaduna

Baba, a WhatsApp kai ne mai tacewar, domin saƙonnin a kulle suke, kamfanin ba ya karanta su sai wani ya kai ƙara, sannan saƙo biyar na ƙarshe su je masa. Abin da ya iya yi shi ne rage gudu: tun 2019 ba a tura saƙo wa fiye da wuri biyar a lokaci ɗaya, wanda kuma ya sha yawo, mai kibiya biyu a kansa, wuri ɗaya kawai tun 2020. Kibiya biyun nan ita ce alamar farko.

In daga shafin Facebook aka kwaso, a buɗe shafin a shiga wurin bayanansa. Za a ga ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa, manyan shafuka kuma har da ƙasashen masu juya su. Shafin da bara yake tallar ƙwallo ko waƙoƙin soyayya, bana ya koma "muryar talakan Arewa", an tara mabiyan ne aka sayar. Shafin da ke magana da yawun Kaduna amma masu juya shi duk suna wata ƙasa, a tambayi dalili, ko da yake 'yan ci-rani ma suna buɗe shafuka na gaskiya. A kwafi jimla ɗaya daga saƙon a nema a Facebook ko Google. In ta fito harafi da harafi a shafuka da yawa cikin awa guda, rabawa aka yi.

Hoto kuma a sa wani yaro ya bincika shi da Google Lens, ba ya cin minti biyu. In bidiyo ne a tsayar da shi a ɗauki hoton wuri ɗaya a nema, a kuma dubi lambar mota da kakin jami'ai da harshen da ake ji a baya. A rikicin Filato na Yuni 2018 an yaɗa wani bidiyon kisa a matsayin na can, binciken BBC ya gano a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012.

Ka sa doka ɗaya a zauren: duk labarin kisa ko hari sai da sunan gari da rana da kafar da ta ruwaito, in babu ka goge, tunda mai kula da zaure na iya goge saƙon kowa. Ranar da gari ya ɗauki zafi ka mayar da zauren yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu, na awa shida ko zuwa wayewar gari, ka sanar da dalili da lokacin buɗewa tun kafin ka rufe. Wanda kuma ya soki gwamna ko sarki ko kai kanka, da sunansa da lambarsa, ka bar masa saƙonsa.